Ranar da Ganga ta Gagari Orval Stuckey

"Sake takawa," in ji Orval Stuckey.

Marisol ta sake taka babbar gangar ƙafa. Dum. Daga bayan teburin sauti Orval ya yamutsa fuska kamar wanda ya tauna tsakuwa.

"Ga shi nan kuma. Sautin yagewa yake kamar ana keta tsumma. Wa bai ji ba?"

Babu wanda bai ji ba. Shekara arba'in Orval yana riƙe da sautin bajekolin gundumarmu a Iowa, da farin gashinsa har kafaɗa, kuma duk garin Kunnen Zinare ake ce masa. Dwight mai jita ya ce shi tun ɗazu yake ji, kawaici ya yi. Hollis Brandt, shugaban kwamitin bajekolin, wanda shigowarsa ke nan da masara a hannu, ya ce tun daga wurin ajiye motoci abin ke damunsa.

"Ni fa ban ji komai ba, Baba Orval," in ji Marisol.

"Ina za ki ji, 'yar nan? Kina zaune a kanta."

Aka yi mata dariya.

Ƙarfe uku na rana ƙungiyar kiɗan su Marisol da Dwight za ta hau dandali, tsakanin gasar tumaki da tseren tarakta. Wata mata mai zaɓen makaɗa don babban bajekolin jiha ta yi alkawarin zuwa, shekara uku suna roƙonta. Saura awa biyu.

Orval ya rage ƙarfin da makirfo ke turowa tebur. Abin bai daina ba. Ya canza waya, ya sake canza wata. Ya cire makirfon ya sa wani da yake ajiyewa cikin akwati mai kwaɗo, ya ja shi baya daga fatar gangar, ya sake matso da shi. Ya bi kusoshin gangar ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa, ya cusa mata matashi. Marisol ta nuna masa fitilun tebur, duk kore, ko sau ɗaya ba su taɓa ja ba.

"Fitila kunne gare ta?" ya ce.

Hollis ya maimaita maganar wa mutum uku.

Daga rumfar cocin da ake sayar da gasasshen tuffa, Darlene matar Orval ta ɗaga masa hannu. Ya kawar da kai. Ta kira sunansa sau biyu, bai ko waiga ba. Wani direba ya buga ƙofar motarsa da ƙarfi, Orval ya zabura ya ce yau komai na filin nan yagewa yake. Hollis ya tafi ya yi wa direban faɗa.

Saura minti arba'in Orval ya yanke hukunci: iska ce ta rasa hanyar fita, sai an huda fatar gaban gangar.

Gangar ta mahaifin Marisol ce. Da hannunsa ya zana sunan tsohuwar ƙungiyarsa a kan fatar nan, shekara biyu kafin ya rasu.

"Babu wata hanya, Baba Orval?"

"In kina so matar nan ta ji wannan ƙazantar, bismillah."

Dwight ya kalli ƙasa. Marisol ta juya baya. Orval ya zaro wuƙa ya yanke da'ira mai faɗin tafin hannu, harafi uku suka tafi tare da ita. Ya tura makirfo ciki, ya koma tebur.

Dum.

Ya dafe kai. Hollis ya ce lallai ya ma ƙaru.

A nan ne Darlene ta iso, ko rigar girkinta ba ta cire ba. Ba ta gaishe da kowa ba, ta kama hannun rigar mijinta ta ja shi bayan tirelar shanu. Minti ɗaya suka yi. Orval ya fito yana gyara gashi, ya hau dandali, ya durƙusa gaban gangar, ya matsar da makirfon gefe kamar faɗin ɗan yatsa.

"Taka."

Dum.

Ya lumshe ido, ya ɗaga babban yatsa. "Yanzu kika yi ganga."

Dwight ya ce bambancin kamar dare da rana. Hollis ya ce zai kawo maganar sa sunan Orval a jikin dandalin a zaman kwamiti na gaba. Ƙarfe uku aka fara, matar bajekolin jiha ta zo, ta saurara har ƙarshe, ta ɗauke su. Marisol ta tsinci guntuwar fatar ta sa a aljihu, ta je ta yi wa Orval godiya, domin kowa ya ce ya kamata.

Darlene kuwa, a hanyarta ta komawa rumfa, ta tsaya gaban kwandon shara ta jefa ɗan mataccen batirin da ta canza da sabo a na'urar ƙara jin da mijinta ya shekara shida yana ɓoyewa a ƙarƙashin gashinsa.