Tabon Yatsan Kaka

Ina shekara goma Baba ya sa ni a wata makarantar je-ka-ka-dawo a Azare, mai bin manhajar ƙasashen waje, wadda burinta ta kai mu jami'a a Turai. Da aka yi hutu na tafi Katagum da littafin taswirata don in burge kakana masunci.

Na same shi bayan La'asar yana gyaran kifi a bakin kogi. Na jero masa sunayen kogunan Turai da ka.

Sai da na gama ya ce, "Madalla. To, nuna min namu."

Na duba, na sake dubawa. "Ba su sa shi ba, Kaka."

Ya ce in nuna masa Kano da gabas. Na nuna. Ya matsa kaɗan, ya danna babban yatsansa mai jinin kifi a kan takardar. "Ga mu nan. Kada ka manta."

Malamarmu ta yi min faɗa don na ɓata littafi.

Na je jami'ar, na dawo na tarar ƙasa ta rufe idon Kaka. Littafin yana wurina har yau. Ƙarnin kifin ya daɗe da gushewa, amma tabon yana nan.