Kofunan Gidan Bature

Auta na durƙushe cikin rami da buroshi a hannu lokacin da bakin tukunyar ya leƙo daga ƙasa. Aikinta ke nan, tonon tsofaffin gidaje don gidan adana kayan tarihi, kuma a wurinta tsingaro ya fi mutane faɗin gaskiya. Shi ke nuna wa ya ci, a cikin me ya ci, kuma a wane lungu aka zaunar da shi. Sai dai wannan kangon daban yake. Gidan Baturen da ya riƙe yankin ne a zamanin mulkin mallaka, ramin da take ciki kuwa ɗakin mai wanke-wankensa ne, wato Iya, kakarta.

Babanta ɗan Iya ne, kuma ɗan Baturen, abin da kowa ya sani amma ba mai faɗa da ƙarfi. Tun yana jariri aka kai shi hannun dangi a cikin gari. Ya tashi ana ce masa Jatau, ana yi masa gorin uba, har ya tsufa ba shi da abin kare kansa sai labarin kofi. Ya ce lokaci-lokaci Iya takan yi masa wanka ta kawo shi ta ƙofar baya, Baturen ya fito baranda ya zuba masa madara da hannunsa a ɗan kofin tangaran mai zanen shuɗin tsuntsu.

"Kuma ban taɓa sha a tsohon kofi ba," in ji shi. "Kullum sabo fil ake ciro mini daga kwali. Wanda ba ya ƙaunarka zai yi maka haka?"

'Ya'yansa sun ji labarin har sun haddace. Yayyen Auta kan tsokane shi su ce, Baba, har yanzu tsuntsun nan bai tashi ba? Yakan yi dariya, amma Auta ta san dariyar iyakarta baki. Yanzu ciwo ya kwantar da shi, likita ma ya daina canza masa magani. Abu guda ya roƙe ta: ko ɓalli ne na kofin nan ta samo masa, ya nuna wa masu cewa mafarki ya yi.

Ta fara da jujin babban gida. Can ta sami farantan da wuƙa ta kakkarce, da kwalaben magani, da butar shayi da aka ɗaure wa hannu da waya, alamar maigidan ba ya wasa da kayansa. A ɓangaren 'yan aiki kuwa tukwanen yumɓu ne baƙi ƙirin da hayaƙi, ko cokali ɗaya na babban gida bai ɓata hanya ya shigo ba. Dab da ƙofar baya suka tarar da wani ƙaramin rami cike da fasassun kofuna na manya, ba komai a ciki sai su. Abokin aikinta, Dogo, ya ce lallai 'yan aikin gidan nan hannunsu da santsi yake. Ta yi dariya, hankalinta na kan tsuntsu.

Sai ga wannan tukunya a ƙarƙashin daɓen ɗakin Iya, an rufe bakinta da kasko an liƙe da laka. Da suka buɗe, sai ƙulle-ƙullen tsumma da ya ruɓe, kowane ƙulli da gutsattsarin tangaran a ciki. Ta goge ɗaya da yatsa, shuɗin fiffike ya bayyana. Nan ta zauna a ƙasa ta yi kuka don murna, Dogo ya juya baya yana gyaran igiyar awo da ba ta lalace ba.

A ɗakin aiki ta baje su kan tebur ta shiga haɗawa da gam. Aikin bai ba ta wahala ba, don Iya ba ta bar ko ɓarɓashi ya ɓata ba. Kofunan suka jeru kamar yau aka saye su, ba tabon shayi, ba kartar cokali. Kofin da ya suɓuce daga hannu baki yake ɓallewa ko mariƙi. Waɗannan kuwa daga tsakiyar gindi tsagin ya tashi ya bazu, kowanne iri ɗaya. Ta sa aka kawo mata na ramin ƙofar baya ta duba gindinsu. Su ma tsagin iri ɗaya ne. Daga nan ta rufe gam.

Duk da haka ta naɗe guda a hankici ta kai asibiti. Tsohon ya karɓa da hannu biyu, yana shafa tsuntsun da babban yatsa, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

"Iya ce ta adana su?"

"Ita ce, Baba. Ko ɗaya ba ta yar ba."

"Allah Ya jiƙanta. To, me ya farfasa shi haka, Auta?"

"Nauyin ƙasa ne, Baba."

Ya gamsu. Ya ce maza a kira masa yayyenta su zo su ga ƙaryar da suke cewa yana yi. Rabonta da ganin fuskarsa da haske haka tun kafin ya kwanta.

Ta fito ta jingina da bango, zuciyarta kamar ta tsage don baƙin ciki. Ta taɓa ganin irin wannan fashi a wasu gidajen masu mulkin, ta ma koyar da shi a aji ba tare da ya taɓa ta ba. A irin gidajen nan, kofin da bakin ɗan ƙasa ya taɓa ba ya komawa cikin kayan maigida, ko da ɗan maigida ne ya sha. Da an fita da yaron, mai wanke-wanke, wato Iya, ake miƙa wa kofin ta kife shi ta fasa.