Ɗan Aiken da Marini Ya Ƙi Saurara

Sallau, tun da muka zauna wayarka take kuka kana kife ta, na kuma san mai bin ka bashi ne. Ba faɗa zan yi maka ba, misali zan ba ka.

An yi wani marini a wani gari na bakin kogi, mutum mai tsananin jin kunya. Wata shekara ya so ya ƙara rijiyar rini, sai ya nemi rance wurin wata dattijuwa mai sayar da man gyaɗa. Ba ta karɓi jingina ba, ba ta kira shaida ba. Ta kwance bakin zaninta ta ba shi, ta ce, "Bakinka ya ishe ni. Ka kawo bayan kaka." Ya sayi baban rini da toka ya haɗa, amma ruwan ya lalace, ya ɓata shaddodin mutane, ɗan abin da ya rage a hannunsa ya tafi wajen biyan masu kaya. Kaka ta zo ta wuce. Maimakon ya je ya faɗa mata abin da ya same shi, sai ya sauya hanyar kasuwa don kada ya bi ta ƙofar gidanta.

Da shiru ya yi yawa, ta turo ɗan aikenta, wani dogon mutum siriri mai jan ƙafar hagu. Yakan zo da rana tsaka, ya yi sallama, ya tsaya a gindin durumin ƙofar gida yana jira. Marini da ya ji ƙarar jan ƙafar nan a ƙasa sai ya laɓe bayan rumbu, ya sa a ce ba ya nan. A ransa ya riga ya yanke wa kansa hukunci: sammaci ne, gaban alƙali ne, tonon asiri ne a idon gari. Matarsa ta ce, "Malam, ka fita mana ka ji abin da ke tafe da shi." Ya ƙi. Da damina ta faɗi, ya shiga jirgin fito ya haye kogi, ya bar ta da yara ko sallama babu.

Ya sauka wani gari mai nisa, ya sauya suna, ya kama dako. Amma hannun marini ba ya ɓuya, shuni ya shige har ƙarƙashin farce. Wata ranar kasuwa, rana na dukan tsakar ka, yana ɗauke da buhu, sai ya ji jan ƙafar nan a bayansa. Ya waiwaya, ga dogon mutumin tsaye tsakanin rumfuna, rigarsa jiƙe sharkaf alhali sama ko gajimare babu. Jama'a na wucewa ta gefensa, ba mai kallonsa, ba mai ce masa gafara. Awakin da ke ɗaure kusa da shi kuwa suka ja da baya har igiya ta shaƙe su. Mutumin ya ɗaga hannu kamar zai yi magana, marini ya yar da buhu ya ruga. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru. Duk garin da ya sauka, kafin ya san sunan maƙwabta sai ya tarar da sawu a ƙofar masaukinsa: tafin ƙafa ɗaya, da dogon ja a gefensa, ƙasar wurin da danshi.

A ƙarshe zazzaɓi ya kayar da shi a wani zauren baƙi, ko juyi ba ya iyawa. Yana ji jan ƙafar ya taho daga bakin hanya har cikin zaure. Sanyi ya cika wurin, da warin laka irin ta gindin kogi. Mutumin ya tsuguna wajen ƙafafunsa ya ce, "Ka wahalar da ni, bawan Allah. Inna ce ta ce in gaya maka ta ji labarin lalacewar ruwan rininka. Ta ce kada kuɗi a dunƙule su dame ka, ka riƙa rina mata zane ɗaya duk kasuwa har ku rabu lafiya. Saƙon ke nan." Ya miƙe ya fita, daga ranar marini bai ƙara jin motsinsa ba.

Da ya sami sauƙi ya koma gida. Dattijuwa ta rasu. Rijiyoyinsa sun cike da ƙasa, alƙali ya daɗe da raba aurensa, ƙaramin ɗansa bai gane shi ba. Ya tambayi labarin ɗan aiken, aka dube shi aka ce, "Ai tun daminar da ka tafi jirgi ya kife da shi a kan hanyar bin sawunka." Abin da ya gani a zauren nan, Allah ne masani. Ya je wurin magadan dattijuwar ya faɗi bashin da bakinsa, ko da yake ba shaida, ba kuma wanda zai iya kama shi. Su ba su da sassaucin uwarsu, suka ce dunƙule suke so. Aka sayar da gidan da ya gada aka biya su, ya ƙare rayuwarsa yana ƙodago a marinar wasu.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in kunne ya ji, jiki ya tsira.