Sharaɗin Uwar Ƙwai

Mai gyaran waya ya jefa ɗan lido a fuskar wayarsa, shida ta fito, ƙofar kogon ta buɗe. A shago shi mutum ne mai ɗan tumbi da tabarau, amma a cikin wasan sunansa Gagarabadau, kuma ya sare kan dodanni ba adadi.

Wasan a zauren hira na waya ake yinsa. Kowa ya zaɓi jaruminsa, sai mutum ɗaya da ake kira Mai Labari ya riƙa tsara duniyar, yana magana da bakin duk halittar da aka gamu da ita. Tsohon Mai Labari ya yi aure ya watsar da su, wani ya karɓa, ba wanda ya san fuskarsa. Ba a damu ba, tunda ya fi na da iya ƙarya.

A cikin kogon Uwar Ƙwai take, macijiya mai kai bakwai, wadda mutanen wannan duniyar ke bauta wa don haihuwa da sihiri. Duk wanda ya iso gabanta yana da roƙo ɗaya. A cikin abokan wasansa, direban tasi ya roƙi zinariya, ɗalibin jami'a ya roƙi fukafukai. Gagarabadau ya rubuta "ɗa", da niyyar wasa, sai kuma ya gane ba wasa yake yi ba.

Aurensa ya kwana biyu, gida shiru. Matarsa ta yi gwaji har hannunta ya saba da allura, likitoci suka ce lafiyarta ƙalau, a kawo maigida. Maigida ya ce shi garau yake, kakansa 'ya'ya ashirin ya bari. Ta yi lallashi, ta yi kuka, daga baya ta daina magana, shirun nan kuwa ya fi tsorata shi. Ya san ta fara kaiwa bango.

Ga kuma surukarsa a ɗakin baƙi, tsohuwar ungozoma da ta karɓi haihuwar rabin unguwa amma ba ta karɓi ta 'yarta ba. Tsakaninsa da ita gaisuwa ce, kai a sunkuye. Mace ce mai tsoro, ko a talabijin ta ga maciji sai ta ɗage ƙafa, sunan macijin ma ba ta kamawa. Wayarta shi ya ƙara mata girman rubutu, lasifikar kuwa ta daɗe da mutuwa, ta hana a gyara. Ta ce ita ba mai kiranta sai masu neman kyauta.

Uwar Ƙwai ta amsa roƙon, amma da sharaɗi. Dokar sabon Mai Labari ce a ba mutum aikin da zai yi a zahiri, ya turo hoto. An sa direba ciyar da kyanwa, an sa ɗalibi share ɗakinsa. Shi kuwa aka ce ya bar matsattsen wando, ya daina ɗora kwamfuta a cinya, ya rabu da taba, in ba haka ba za ta turo masa 'ya'yanta, igiyoyin ƙasa, su cinye takobinsa. Salon maganar ya burge shi ƙwarai.

Abin da matarsa ta yi shekaru tana roƙo, macijiyar ƙarya ta samu cikin mako guda. Sai ya fara zargin ko matar tasa ce Mai Labari. Wata rana da yamma ya zauna yana kallonta tana wanke-wanke, kumfa har gwiwar hannu, sai ga wayarsa ta yi "sss", ƙarar da wasan ke yi in saƙo ya shigo. Ya ji kunyar zargin, har ya tashi ya taya ta ɗauraya.

Saƙon shi ne sharaɗi na ƙarshe. Ya je gidan masu farar riga, ya ba su abin da suka nema, ya yi abin da suka ce. A ƙasa aka ƙara da cewa jarumin da ke tsoron 'yar kwalba bai cancanci takobi ba. Direba da ɗalibi suka cika zauren da dariya ba tare da sun san inda aka dosa ba.

Ya je. Ashe wata 'yar jijiya ce ta kumbura, aikin da ba ya kai wuni. A gida ya ce zai yi tafiyar sarin kaya, ya dawo yana takawa a hankali, ya ɗora laifin a kan kujerar mota. Surukarsa ta yi masa sannu da hanya, ta sa aka kai masa matashi mai laushi.

Watanni suka shuɗe. Ran da matarsa ta miƙa masa sakamakon asibiti tana dariya tana hawaye, sai da ya zauna a ƙasa don murna. Da ya farfaɗo ya ce ai dama ya faɗa, jinin kakansa ba ya ƙarya. Farin ciki ya sa shi neman wanda zai yi wa alheri, ya ga wayar surukarsa a jikin caji, ya buɗe ta ya canza lasifikar, ya mayar a ɓoye.

Bayan an ci abincin rana suna zaune a falo, matarsa ta jingina da kujera, tsohuwa tana gefe tana saƙa 'yar hula da ta fara tun kafin a ji labari. Ya juya baya ya rubuta a ɓoye: "Ya Uwar Ƙwai, roƙona ya karɓu. Na gode. Asirina dai ya tsaya tsakaninmu."

Ya danna aikawa. Daga cikin kwandon zare aka ji "sss".

Tsohuwa ba ta ko ɗago kai daga saƙarta ba, ta ce, "Ba komai, Gagarabadau. Amma tabar nan da kake sha a bayan shago, ina sane."