Kwarin Bayan Gonakin Fakku

"Ku bar bin rafin nan, ba can ruwa ya kai shi ba," in ji Batula, idonta a kan kwamfuta.

Mutanen Fakku suka dubi juna. Tun safe suke neman baƙon da ambaliya ta ja da babur ɗinsa, sai ga wannan mata daga Sakkwato da taswirar tudu da kwarin yankin, wadda tauraron ɗan'adam ya auna.

Ta lissafa gangaren ƙasar, ta nuna wa Maigari Lauwali wani shuɗin layi. "In rafi ya cika, nan yake ɓallewa ya zube a kwarin bayan gonakinku."

"Malama, in kin kuskure, mun ɓata ɗan lokacin da ya rage mai."

"Na sani, Baba. Mu je."

Suka kutsa cikin taɓo har gwiwa. Can wani ya ƙwala ihu. Ga mutum maƙale a reshen gawo, yana numfashi.

Maigari ya ce, "Alhamdulillahi! To wa za ya sanar da iyalinai?"

Batula ta zube ƙasa, kukan da take dannewa ya ƙwace mata.

"Sun sani, Baba. Mijina ne."