Haƙorin Baba Sallau

Ranar Talata ce, rana tana ƙuna tun hantsi, sandar famfon ban-ruwa na garin ta karye.

Tun da aka kafa wata sabuwar doka, haƙorin injin sassaƙa ƙarfe ba ya ci sai ya ji ɗumin hannun wanda aka yi wa rajista. Duk garin Baba Sallau kaɗai ke da shi, shi kuma yana kwance ba lafiya.

Ɗansa Ilu ya ɗauko shi a amalanke, ya jingina shi da injin, ya ɗora tafin tsohon a kan mariƙin.

"Baba, ka yi haƙuri. Albasar mutane na bushewa."

"Yanka kawai," in ji tsohon. "A zamaninmu da dutse muke wasa shi, ba ya tambayar kowa."

Haƙorin ya kama, ƙarfe na zuba kamar ɓawon lemo. Saura kaɗan sabuwar sandar ta yi daidai, sai haƙorin ya fara zamewa. Ilu ya murza hannun uban da ya yi sanyi, ya hura masa iska da baki, ya sake murzawa. Ya ƙi kallon fuskar.

Ranar an rasa albasar fadama duka, da haƙori ɗaya, da Baba Sallau.