Yashi a Matakalar Malam

Ni Saminu, da duk Daura ba mai rufe min baki, yau na gamu da gamona. Ni na yi wa Malam Hussaini matakalar katako ta hawa ɗakin karatunsa, na shafe ta da banish mai sheƙi don in burge 'yarsa Murjanatu. Na manta mutanen gidan da ɗanyar alwala suke hawa. Shekaranjiya santsi ya kwashi Malam, har yau ɗingishi yake.

Na kankare, na sake shafawa, na barbaɗa yashi mai laushi a ciki. Da ya bushe, sai ga Murjanatu a saman matakalar da buta a hannu.

"Baba ya ce wanda bai yi tunanin ƙafar mutane ba, ba zai riƙe 'yar mutane ba. Na roƙe shi in gwada da kaina. In na zame, shi ke nan tsakaninmu."

"Ranki ya daɗe, a fara da akuya mana."

Ba ta yi dariya ba. Ta tsiyaya ruwa a ƙafafunta.

"Murja, in kika zame kika taho ba ni da ikon tare ki. Ni ba muharraminki ba ne."

"Na sani."

Ta sako ƙafa. Hannuwana suka miƙe da kansu, har ta taka ƙasa ba ta zame ba. Ta ɗago ido ta dube ni.

"Sauke hannunka, Baba na kallo ta taga. Ka turo su Kawu ranar Juma'a."